Sojan Idumota: Tarihin Bahaushen Tagulla da Gyaran da Ya Rage

Gabatarwa

Duk wanda ya yi fatauci zuwa Ikko a zamanin da, ko shanu ya kora ko goro ya je saro, da wuya a ce bai ji sunan Sojan Idumota ba. Wasu mutum-mutumi ne guda biyu na tagulla da aka kafa a tsakiyar unguwar Idumota, inda kasuwa ta fi cika da hayaniya. Ɗaya soja ne da bindigarsa, ɗayan kuwa ɗan dako ne mai ɗaukar wa soja kaya. Turawan da suka sa aka ƙera su sun ce sojan Bahaushe ne, ɗan dakon kuma Ibo ne. Mutanen gari ba su damu da wannan bayani ba. Su dai sun mai da wurin alamar kwatance, kamar yadda mu nan mukan ce a haɗu a gindin tsamiya ko a bakin kasuwa.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin ɗan Gummi ko Anka ko Bukkuyum da wani gunki da ke can bakin teku? Amsar ita ce, da sunanmu aka kafa shi. In an ce wannan siffar Bahaushen soja ce, to, an ce siffar kakanninmu ce ke nan, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Saboda haka ya kamata mu san yadda aka yi aka kafa shi, da inda ya ƙare, da abin da aka gyara, da kuma abin da ya rage ba a gyara ba, wanda shi ne ainihin dalilin wannan ɗan rubutu.

Yadda Bahaushe ya zama sojan Bature

Labarin ya faro ne daga 1863, lokacin da wani hafsan jirgin ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wasu 'yan mutane masu jin Hausa, yawancinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindigogi don tsaron Ikko. Daga wannan 'yar ƙungiya ce sojan Nijeriya ya samo tushe. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da Waf. Tun daga nan Hausa ta zama harshen bariki, da ita ake ba da oda, da ita ake zagi, da ita ake waƙar fareti.

Amma fa a lura, ba duk wanda Bature ya rubuta Bahaushe ne yake Bahaushe ba. A cikin rundunar akwai Barebari da Zabarmawa da Nufawa da Yarbawa da Tibi, akwai kuma maƙwabtanmu na kudu, mutanen ƙasar Zuru, waɗanda har gobe an san su da aikin soja. Duk wanda ya sa kaki ya iya Hausar bariki, ya shiga cikin wannan suna. Watau Bahaushen da ke Idumota yana tsaye ne a madadin kabilu da yawa.

Akwai kuma wata magana mai ɗaci da bai kamata a ɓoye ba. Wannan runduna ce ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Ita ce ta gamu da mutanen Kano a Kwatarkwashi, cikin ƙasarmu ta Zamfara, a ƙarshen watan nan, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa. Ita ce ta tsaya a filin Giginya ran 15 ga Maris 1903, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada ran 27 ga Yuli. Ita ce kuma ta ƙone Satiru a 1906. Hafsoshi Turawa ne, amma hannun da ya ja kunamar bindiga namu ne. Wannan ne ya sa iyaye a Lardin Sakkwato suka daɗe suna kallon aikin soja da ido guda, suna ganin aikin wanda ya gagari gida ne.

Yaƙin Jamus

Shekara goma sha ɗaya bayan Giginya sai ga yaƙin duniya na farko. A 1914 ɗin nan ne aka haɗe Kudu da Arewa, aka kuma haɗe sojojinsu suka zama runduna guda ta Nijeriya. Nan da nan aka tura su Kamaru, wadda a lokacin tana hannun Jamus. Karon farko da aka yi a Garwa a ƙarshen Agusta 1914 bai yi wa sojan Nijeriya daɗi ba, sai a Yuni 1915 garin ya faɗi. Aka hau dutsen Banyo a Nuwamba 1915. Jamusawan da suka ƙi sauka daga dutsen Mora kuwa sai a Fabrairu 1916 suka miƙa wuya.

Ba su gama hutawa ba aka loda su a jirgin ruwa a ƙarshen 1916, aka zagaya da su zuwa Afirka ta Gabas, ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, don farautar kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck. A daminar 1917 ruwa ya datse hanyoyi a kwarin kogin Rufiji, abinci ya yanke, yunwa da zazzaɓi da atuni suka yi musu ɓarnar da harsashi bai yi ba. A Oktoba 1917 suka sha wuta a Mahiwa, ɗaya daga cikin faɗa mafi muni da aka yi a wannan fage.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Nijeriya ta ba da soja kimanin 17,000 a wannan yaƙi, da masu ɗaukar kaya fiye da 30,000. To, a nan ne muhimmancin mutum-mutumi na biyu ya fito. A dajin da babu hanyar mota, inda ƙudan tsando ke kashe doki da jaki, kowane buhun shinkafa da kowane akwatin harsashi a kan ɗan Adam yake tafiya. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan dako ba da son ransu suka tafi ba. Joji ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci kuma ya nuna gidan wanda ba shi da gata. In ya faɗi a hanya, a ɗauki kayan a ɗora wa na bayansa.

Kafa mutum-mutumin

A 1917 Ingila ta kafa wata hukuma ta kula da kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙi. Ƙa'idarta a rubuce mai kyau ce: kowane mamaci a rubuta sunansa, ko a kan kabarinsa ko a jikin bango, ba tare da bambancin muƙami ko launi ko addini ba. A Faransa da Beljiyam an bi wannan ƙa'ida. Da aka zo Afirka sai magana ta canja. A 1923 Gwamnan ƙasar da yanzu take Ghana, Gordon Guggisberg, ya ba da shawara cewa baƙar fata ba zai gane amfanin dutsen kabari ba, gara a yi masa mutum-mutumi guda a wani babban gari ya wadatar. Irin wannan ra'ayi ya samu karɓuwa a wurin manyan hukumar, domin ya yi daidai da tunaninsu, ya kuma rage musu kashe kuɗi.

Wani maƙerin Ingila mai suna James Alexander Stevenson, wanda yake sa hannu a aikinsa da laƙabin Myrander, shi ya ƙera siffofin sojan Afirka da aka kafa a Darussalam da Mombasa da Nairobi a ƙarshen shekarun 1920. Waɗannan duka akwai rubutun yabo a jikinsu, amma babu sunan mamaci ko guda. Shi ne kuma ya ƙera biyun nan na Ikko, aka kafa su a tsakanin yaƙin farko da na biyu. Nijeriya ta ɗan fi waɗancan ƙasashe sa'a, gama an gina wasu wuraren tunawa masu ɗauke da sunayen soja a Zariya da Lakwaja da Ibadan da Kalaba. Duk da haka, wanda ya fi shahara a idon jama'a shi ne na Idumota, shi kuwa ba a san shi da sunan kowa ba sai na unguwar da ya tsaya.

Yaƙin Bama

Ba a daɗe da kafa shi ba aka sake buga tambarin yaƙi a 1939, shekarar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya. Sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, suka kori sojan Italiya har cikin Habasha. Daga 1943 aka kwashe su zuwa Indiya, daga nan sai dazuzzukan Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka kara da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓi Myohaung a Janairu 1945. Wasu bataliyoyin Nijeriya kuma an sauke su a bayan dagar abokan gaba a 1944 tare da rundunar da ake kira Chindit.

Ɗalibin da ya zauna Zariya ya san barikin Chindit, na Kaduna ya san Dalet, na Ibadan ya san Letmauk, na Ikko ya san Dodan da Arakan da Myohaung. Duk waɗannan sunaye daga yaƙin Bama suka zo. Abin mamaki, mun riƙe sunayen ƙauyukan da aka mutu a cikinsu, mun manta da sunayen waɗanda suka mutu. Kaɗan ne suka tsira daga mantuwa, irin su Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja a hannun Jamus, ya koma na Ingila, ya ga yaƙin duniya duka biyu, kuma barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa.

A duk tsawon wannan lokaci, ran 11 ga Nuwamba ake taruwa kowace shekara don tunawa da mazan jiya. Bayan yaƙin basasa aka mai da ranar 15 ga Janairu, watau ranar da aka ajiye makamai a 1970.

Ƙaura da gyara

Mutum-mutumi ma yakan tsufa. Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da kuza, iskar teku mai gishiri da hayaƙin mota kan sa ta yi kore, ta fara zaizayewa. Masu wannan sana'a sukan wanke ta a hankali, su kankare tsatsar da ke cin jiki, su toshe inda ya tsage, sa'an nan su shafe ta da kakin zuma don ruwa ya daina shiga. In aka bar ta shekaru ba kulawa, fuska takan shafe, rubutu ya dushe.

Amma abin da ya fi iska saurin cin mutum-mutumi shi ne sauyin zamani. Ikko ta cika ta batse, mulki ya bar hannun Turawa a 1960, aka gina Dandalin Tafawa Balewa a tsohon filin sukuwa, aka keɓe wani sashe nasa don tunawa da mamatan yaƙin duniya biyu da na basasa. Ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tashi ta koma Abuja. Sojan da abokinsa aka ɗauke su daga Idumota. Wanda ya je unguwar yau siffar dodon Eyo na mutanen Ikko zai gani, su kuwa biyun nan tafiya ta kai su Abuja.

A maƙabartar soja ta ƙasa da ke kan hanyar filin jirgin saman Abuja, hukumar nan ta kula da kaburburan yaƙi ta gina sabon wurin tunawa, wanda ya maye gurbin na Ikko. An zana sunaye fiye da 2,000 na 'yan Nijeriyar da suka mutu a yaƙin duniya biyu, ga kuma siffar sojan da ta ɗan dakon suna tsaye tare da sunayen. A Nuwamba 2018, shekara ɗari da ƙare yaƙin farko, Yarima Charles, wanda ya zama Sarkin Ingila a 2022, ya je wurin ya ajiye furanni.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. A Dakar, Faransawa sun kafa siffar sojan Afirka da ta sojan Faransa kafaɗa da kafaɗa a 1923, mutane suka sa musu suna Demba da Dupont. A 1983 gwamnatin Senegal ta ga abin tuna mulkin mallaka ne, ta sa aka ɗauke su aka kai maƙabartar Bel-Air. Bayan shekara 21, ran 23 ga Agusta 2004, Shugaba Abdoulaye Wade ya dawo da su gaban tashar jirgin ƙasa. A birnin Reims na Faransa kuwa, an kafa wani na tunawa da baƙaƙen sojan da suka kare garin, a 1924, tare da tagwayensa a Bamako. Sojan Hitila suka tumɓuke na Reims a 1940. Da aka tashi sake shi, sai da aka koma Bamako aka kwaikwayo wanda ya tsira, aka buɗe sabon a Nuwamba 2018. Darasin da ke nan shi ne, tagulla ba ta magana. Kowace gwamnati takan sa mata maganar da take so a baki: yau abin alfahari, gobe abin kunya, jibi kuma abin alfahari.

Gyaran da ya rage

A Afrilu 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta kafa. Rahoton ya amsa cewa mamata tsakanin 45,000 da 54,000, yawancinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a yi musu daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunansu ba ko kuma ba a tuna da su ko ta wace hanya ba. Ya ce wariyar launin fata ce ta jawo haka. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa. Gaskiya dai ko ta daɗe a rami takan fito.

To, a nan wani ɗan'uwa zai iya cewa, mu ina ruwanmu? Addininmu bai yarda da sassaƙa siffar mai rai ba, ba ma gini a kan kabari, sarki da talaka ƙasa ɗaya ake tura musu. Ashe Guggisberg bai yi ƙarya ba ke nan? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ni ma ba na kiran a kafa gunki a kasuwar Gummi. Amma akwai bambanci tsakanin dutsen kabari da suna. Mu mutane ne masu riƙe suna. Da suna ake yi wa mamaci addu'a, da shi ake raba gado, da shi maroƙi ke jero asali, da shi ake yi wa jika takwara. Muhammadu Bello, da ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya ambaci mutanen da suka faɗi a fagen jihadi da sunayensu. Abin da Bature ya hana ɗan dakon da ya mutu a Rufiji shi ne abin da al'adarmu ta fi daraja, ya kuma ba shi abin da ba ta bukata.

Ko sunayen da aka rubuta ma akwai gyara a cikinsu. Akawun bariki ba ya tambayar sunan uba. Sai ya rubuta sunan yanka, ya liƙa masa sunan gari, yawanci babban garin da Bature ya sani. Ta haka mutumin Gummi ko Anka ko Bukkuyum zai iya shiga littafi a matsayin Musa Sakkwato ko Garba Zamfara, da irin rubutun da kunnen Bature ya ji. Wasu kuma da gangan suka ɓoye sunansu, don kada labari ya kai gida cewa sun shiga soja. Saboda haka suna na iya kasancewa a bangon Abuja alhali danginsa ba za su gane shi ba ko sun tsaya a gabansa.

Wani kuma zai ce, me ya sa za mu wahala a kan waɗanda suka yi wa Nasara aiki, alhali waɗanda suka faɗi a Giginya da Burmi ba su da bango ko guda? Gaskiya ne, fiye da mutum 600 suka kwanta tare da Attahiru a Burmi, kuma kaɗan ne cikinsu muka san sunansu. Amma wannan ƙarin aiki ne a kanmu. Mai tarihi ba alƙali ba ne da zai ce wannan a tuna shi, wancan a manta shi. Wanda ya tsaya a Giginya da mashi da wanda aka kama aka ɗora wa akwatin harsashi, sau da yawa 'yan gari ɗaya ne, wani lokaci ma 'yan ɗaki ɗaya.

Kammalawa

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san wani tsoho da ake kira Saje ko Kofur ko Ɗan Bama, wanda yara kan kewaye shi ya ba su labarin jirgin ruwa da dajin da rana ba ta ratsa shi. Yaƙin ya ƙare tun 1945, kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan. A ƙarƙashin gado, cikin tsohuwar adaka, akwai lambobin yabo da takardun sallama masu ɗauke da lambar soja, gara da ɓera suna ta aikinsu a kai.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen Hausa da na Tarihi, ita ce kowa in ya je hutu ya ɗauki littafi da alƙalami. Ya tambayi gidan da aka taɓa yin soja ko aka ɗebi wani zuwa dako, ya rubuta sunan yanka da na uba da unguwa, da shekarar tafiya, da ko ya dawo ko bai dawo ba. In akwai takarda ya ɗauki hotonta. Sa'an nan a gwada da rajistar hukumar kaburburan yaƙi, wadda ke buɗe ga kowa a intanet, da takardun Lardin Sakkwato da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da abin da ke Arewa House da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Malamanmu kuma su karɓi irin wannan a matsayin kundin neman digiri, gama ya fi maimaita abin da aka riga aka rubuta sau goma.

Aikin bai tsaya ga jiya ba. A 'yan shekarun nan ƙasarmu ta Zamfara ta sha ganin gawar soja da ta manomi a hannun 'yan bindiga, rediyo ya ce mutum kaza, gobe a wuce wurin. Idan ba mu koyi rubuta suna yanzu ba, nan da shekara ɗari wani zai zo ya ƙera mana tagulla guda ya ce ga mu nan duka. An wanke Sojan Idumota, an ba shi sabon mazauni, wannan ya yi kyau. Sunan kakanka kuwa ba wani Bature da zai zo ya tambayi kakarka shi, sai kai.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu zaman lafiya, amin.